Wata Bakwai Ina Bin Hanjin Gara

A gidanmu da ke Bauchi ba a ambaton gara da alheri. Shekarar da nake aji uku na sakandare ta biyo ta bayan sif ta shiga akwatin littattafan Baba, ba wanda ya farga sai ranar da ya zo neman wani littafin fiƙihu, ya ɗaga murfi ya tarar da jar ƙasa. Bangon ta bar masa, takardun ciki kuwa ta yi musu ƙat. Saboda haka da na dawo daga makaranta na ce malamin da zai duba furojet ɗina na ajin ƙarshe ya ba ni aiki a kan hanjin gara, Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, in kin shiga cikin nata ki duba min ko littafina yana nan."

Wasa yake yi, amma tambayar da aka ba ni ke nan. Ta yaya ƙwaron da bai fi ƙwayar shinkafa ba yake mai da takarda abinci? Takarda da kara da auduga da itace duk ginshiƙinsu ɗaya ne, shi ake kira selulos. Zaren auduga kusan kashi 90 cikin 100 shi ne, itace kuma tsakanin 40 da 50. Abin da ya ba ni mamaki tun a aji biyu shi ne selulos sukari ne zalla, gulukos ne aka jera kamar 'ya'yan carbi, irin gulukos ɗin da ke cikin sitacin tuwo. Bambancin yana wurin ƙullin da ya haɗa 'ya'yan. Yawun bakinmu yana da enzayim mai kwance ƙullin sitaci, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi sai ka ji zaƙi. Ƙullin selulos kuwa ba mu da abin kwance shi. Saniya ma ba ta da shi, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke yi mata aikin. Enzayim ɗin da ke kwance wannan ƙulli sunansa selules, kuma a gaskiya iri uku ne suke aiki tare: ɗaya yana datse carbin a tsakiya, ɗaya yana bin bakin da aka datse yana gutsuro 'ya'ya bibbiyu, na ukun yana raba biyun nan su zama gulukos. Aikina shi ne in ciro bakteriya daga hanjin gara, in ga wadda ke yin selules, in auna ƙarfinsa.

Dakta, malamin nawa, ya faɗa min wannan a tsaye, yana neman makullin mota, cikin minti biyar. Na ɗauka aikin sati shida ne.

Cikin Fabrairu, hazo bai gama tafiya ba, na shiga mota zuwa ƙauyen Kawu da ke hanyar Dass. Akwai suri a bakin gonarsa da ya fi ni tsawo. 'Ya'yansa biyu suka ɗauko diga, ni kuma na riƙe kwalba da cokali ina jin kaina wata babbar mai bincike. Surin rani ba shi da maraba da siminti. Sai da suka yi gumi sharkaf kafin ya buɗe, yana buɗewa kuma waɗanda suka fito tarbarmu masu ƙaton jan kai ne, su Kawu ke kira zago. Ɗaya ta kama ni a babban yatsa, na fizge jikinta ya rabu da kan, kan bai saki ba. Da aka ƙara zurfi aka ci karo da wani abu mai ruwan ƙasa, maras nauyi, mai ƙofofi kamar saƙar zuma, jikinsa da fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa tsakin gero. Na sa ƙafa na ture shi gefe don in samu wurin tsugunawa. Na cika kwalba da masu jan kan nan saboda su ne manya, na murɗe murfi gam, na ajiye a cinya gefen taga har Bauchi.

Da na isa lab rabinsu sun mutu. Dattijon da ke kula da lab ɗin, wanda duk muke kira Oga, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske. Ya ce, "'Yata, sojoji kika kwaso. Waɗannan ko abinci ba sa ci da kansu, ɗura ake yi musu. Ma'aikata za ki nemo, masu fararen ciki."

Matar Kawu ce ta fid da ni. Da na koma na ba da labari, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutum ya fasa suri don neman gara ai ya sha wuyar banza, ita da take kama wa 'yan tsakinta da 'ya'yan zabi kusan kullum. Da yamma ta ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙasa, ta cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara da totuwar masara, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a gindin danga inda gara ta yi hanya, ta ɗora mata ganye don sanyi. Da asuba kafin rana ta fito muka ɗaga. Tukunyar ta cika da ma'aikata suna ta kai da kawowa, sojojin kaɗan ne. A cikinta na taho da su, an rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, kuma suka isa da ransu. A babi na uku na rubuta wannan hanya dalla-dalla, Dakta ya zagaye ta da jan biro ya rubuta cewa in kawo madogara. Na ce masa madogarata tana ƙauye tana daka.

Fiɗar gara aikin haƙuri ne. Da farko ana sa su a firij na ɗan lokaci su yi sanyi su daina motsi. Sai a tsoma su a sifirit mai ƙarfin kashi 70 don kashe abin da ke bayan jikinsu, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka dafa aka kashe masa komai. Daga nan ka riƙe kai da hantsaki ɗaya, ka kama ƙarshen ciki da ɗaya, ka ja a hankali. In ka dace hanjin zai biyo ka kamar zare, da wani kumburi can wajen ƙarshe, a nan ne ƙananan halittun suka fi taruwa. In ba ka dace ba komai zai fashe a hannunka. Na ɓata sun fi talatin kafin hannuna ya faɗa. Hanji ashirin na tara, na murƙushe su a ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.85, sannan na shiga tsarmawa: mililita 1 cikin 9, a ɗebi 1 daga nan a zuba a wata 9, haka har kwalba shida.

Abincin da za a shuka su a kai shi ne dabarar aikin duka. Ana haɗa shi da wani gari da aka sarrafa daga selulos don ya narke a ruwa, ana ce masa CMC, giram 10 a lita ɗaya, da 'yan gishirai da aga mai sa shi daskarewa. Ba a sa sukari ko kaɗan, don duk wadda ba ta iya cin selulos ta kwana da yunwa. Wanda bai taɓa kaɗa miyar kuka ba zai sha wahala da garin nan. Ka zuba shi gaba ɗaya ya dunƙule ya yi gudaji, cikinsu busasshe, bayansu yauƙi. Wani abokin karatuna ya yi awa guda yana fama da nasa. Ni kuwa barbaɗawa na yi kaɗan-kaɗan a ruwan ɗumi ina kaɗawa, yadda aka koya min tun ina 'yar shekara goma. Sai tukunyar matsi, digiri 121, minti 15, sannan a zuba a farantai kusa da harshen wuta, bakinka a rufe.

Zagayen farko ƙurar hazo ta cinye shi. Na bar taga a buɗe saboda zafin fitila, bayan kwana uku farantaina suka yi fumfuna kore da baƙa kamar burodin da aka manta a leda. Na biyu kuma na saita inkubeta a digiri 37 saboda shi muka saba da shi, Oga ya wuce ya gani ya mayar da shi 30. Ya ce 37 zafin jikin mutum ne, cikin suri kuwa gara tana riƙe shi wajen 30 rani da damina. Daga baya ma inkubetar ta zama ado, don da Maris ya shigo ga yawan ɗauke wuta ga zafin Bauchi, kan benci ya fi cikinta ɗumi.

A zagaye na uku abubuwa suka tsiro. Fararen tabo, wasu masu santsi, wasu busassu masu tattara kamar fatar tsohuwa. Tsirowa kaɗai ba hujja ba ce, sai an gwada da rini. Ana malala wani jan rini mai suna Kongo a kan farantin, ƙarfin kashi 0.1, a bar shi minti 15, a zubar, a bi da ruwan gishiri mai kauri na wasu minti 15. Rinin yana kama selulos ne matuƙar carbin yana da tsawo. Inda enzayim ya daddatse shi, rinin ba ya samun abin riƙewa, gishiri ya wanke shi. Tun 1982 ake amfani da wannan dabara, kuma sai da safar hannu, don rinin ba abin wasa ba ne. Na tsiyaye ruwan gishirin na ɗaga farantin sama. Ko'ina ja wur, sai wurare huɗu da suka yi fili fes, kamar da'irar da ke kewaye wata a daren hazo. Ɗaya ta fi sauran faɗi nesa ba kusa ba. Na yi kabbara da ƙarfi har masu aiki a benci na gaba suka waigo.

Oga ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Ina kwafinta?"

Ban gane ba. Ya ce kafin a zuba rini ana ɗiban kowane tabo da tsinken ƙarfe a dasa a wani farantin, a sa musu lamba iri ɗaya, saboda ruwan yana wanke su ya cakuɗa su. Na duba inda babbar da'irar take. Tsakiyarta wayam, tabon ya bi ruwa ya tafi kwatami. Har yau ban san ko wace ce ba, kuma a cikin duk waɗanda na samu daga baya babu wadda ta kai ta. A ɗakin kwana na yi kukana, washegari na kira Inna na ce ta sake kifa tukunya.

Zagaye na huɗu na samu guda biyar masu da'ira, kowace da kwafinta. Ana auna faɗin da'irar da rula a raba da faɗin tabon, wadda ta fi yawan lamba ita ce gwana. Na yi musu rinin Gram, wanda ake bambance bakteriya da shi, a madubin ƙara girma suka fito sanduna masu ruwan shuni, uku daga ciki da ƙwan ɓuya a jikinsu, na ɗiga musu ruwan haidurojin suka yi kumfa. Duk alamun wani dangin bakteriya ne da ake kira Bacillus. Tantance ainihin jinsinsu sai an aika an karanta ƙwayar gadonsu, kuɗin hakan kuma ya fi ƙarfin aljihun Baba, don haka na tsaya a sunan dangi. Na kai wa Dakta ina murmushi.

Bai ko ɗaga kai sosai ba. Ya ce, "Ki ɗebi ƙasar bakin ƙofar nan ki shuka, Bacillus za ki samu. Me ya tabbatar miki 'yar gida ce a hanjin, ba baƙuwa ba ce da gara ta haɗiya da ƙasa?" Ya ƙara da cewa galibin mazauna hanjin gara iska tana kashe su, ni kuma a sarari na shuka, ke nan waɗanda suka tsiro su ne masu taurin rai, ba lallai su ne masu aikin ba. Sannan ya tambaye ni wane irin gara nake aiki a kai. Na ce gara dai. Ya miƙo min takardu ya ce kar in dawo sai na karanta.

A nan ne aikin ya juye min. Ashe gara ta kai jinsi wajen 3,000, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai na tsohon zubi, masu ɗauke da wasu halittu masu gashin iyo a hanjinsu, irin su Trichonympha, waɗanda ke haɗiye ɓurɓushin itace su narkar. Wani masanin Amurka, Cleveland, ya nuna tun a shekarun 1920 cewa in aka kashe halittun nan, garar za ta ci gaba da cin itace amma yunwa ta kashe ta. Wannan labarin ne ke cikin littafinmu na aji ɗaya, shi ya sa na yi kwanaki ina leƙa madubi ina nemansu ban ga ko ɗaya ba, ina zargin idona. Mafi yawan jinsunan gara ba su da su sam. A 1998 masu bincike a Japan suka gano gara da kanta tana da ƙwayar gadon yin selules, ba komai ta jingina wa baƙi ba. A 2007 wasu suka karanta ƙwayoyin gadon duk abin da ke hanjin wata gara ta ƙasar Kosta Rika ba tare da sun shuka komai a faranti ba, suka tarar da ɗaruruwan enzayim na narkar da itace, daga bakteriyar da ba a taɓa rainonta a lab ba.

Tamu ta suri kuwa, Macrotermes, manomiya ce. Ma'aikata suna fita su kwaso kara da ciyawa, ƙananansu na cikin gida su ci, abin ya ratsa hanjinsu da sauri bai gama narkewa ba, su kasayar da shi su gina wani abu kamar soso. A kan soson nan suke noman wani fangas, dangin fumfuna, mai suna Termitomyces. Shi ne yake yin makonni yana cin lignin, wato dankon da ya lulluɓe selulos ya hana enzayim isa gare shi, yana laushe komai. In soson ya nuna sai manyan ma'aikata su cinye. Ina cikin karatun nan sai jikina ya yi sanyi. Abu mai ƙofofi kamar saƙar zuma, da fararen ɗigo. Wanda na ture da ƙafa a ranar farko.

Sai da ruwa ya sauka na koma. Ƙasa ta yi laushi, shinge ya fito yara sun cika kwanuka da shi, a gefen wani suri kuma naman kaza ya tsiro, wanda Inna ta ce tun tana yarinya suke miya da shi kuma ba ya fitowa sai inda gara take. Ta san haka shekara hamsin, ni sai a takardar Turanci na gano cewa shi ne fangas ɗin nan ya fito shan iska. Muka ciro soson a hankali. Na haɗa masa abinci da ruwan dafaffen dankalin Turawa da na sayo a kasuwar Muda Lawal, giram 200 a lita, da gulukos da aga, na tsinci fararen ɗigon ɗaya-ɗaya na dasa. Yana tsirowa, amma a hankali ƙwarai, kamar ba ya so. Ragowar soson da na ajiye a roba kuwa cikin kwana uku wata fumfuna dabam ta taso ta lulluɓe shi. Tana nan a ciki tun can, gara ce take danne ta, da aka raba su ta samu sarari. Lokaci bai bar ni na auna enzayim ɗin fangas ɗin ba, shafi ɗaya da hoto biyu kawai ya samu a rahotona, kuma wannan ne abin da ya fi ci min rai a aikin duka.

Na koma kan Bacillus ɗina. Na shuka mafi ƙarfinsu a abinci mai ruwa, kwana uku a injin jijjiga, sannan injin wulwulawa ya kwantar da ƙwayoyin a ƙasa, ruwan sama shi ne ɗanyen enzayim. Auna ƙarfinsa da wani ruwa rawaya ake yi mai suna DNS, hanyar da ake bi tun 1959. A haɗa enzayim da CMC a digiri 50 na rabin awa, a zuba DNS, a tafasa minti 5. In an samu sukari, rawayan zai koma ruwan lemo, ya koma ja, har ya kai ruwan goro. Na'urar auna launi ita ke mai da launin lamba, a gwada da jerin kwalaben gulukos da aka san nauyinsu. Sakamakona na farko ya yi kyau har ya wuce misali. Dakta ya kalle shi ya ce ina kwalbar da na tafasa enzayim ɗin ya mutu kafin in haɗa. Ban yi ba. Da na yi, ita ma ta yi ja, wato akwai sukarin da ya biyo ruwan tun daga abincin. Da aka ɗebe wannan, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma nawa ne.

Gwajin da ya sauke min girman kai shi ne na takardar tacewa. Ana yanka ta santimita 1 da 6, nauyin miligiram 50, a jefa a ruwan enzayim. CMC selulos ne da aka riga aka warware, kamar a ba mutum kunu a ce ya gwada haƙori. A takarda kuwa zaren a matse yake, jere a kan jere, ruwa ma ba ya ratsa shi. Awa ɗaya, DNS bai ko sauya fuska ba. Na bar wata kwalbar sati guda, takardar tana nan lafiya lau, har lambar da na rubuta da fensir ana karantawa. Dakta ya ɗauko wata 'yar kwalba daga firij ɗinsa, selules na kanti, ya ɗiga a wata kwalbar. Da safe takardar ta zama kamar dusar koko. Ashe tawa almakashi ɗaya gare ta cikin ukun nan, mai datse tsakiya.

Na kantin daga wata fumfuna ake yin sa, Trichoderma reesei, kuma labarinta ya yi kama da na akwatin Baba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka a tsibiran Solomon suka ga tantunansu da kayansu na auduga suna ruɓewa, aka kwashi abin aka kai gida don a gano maganinsa, ƙarshe aka mai da ɓarawon ma'aikaci. Jikokinta ne yau suke cika manyan tankunan kamfanoni. Yawancinmu muna amfani da aikin selules ba mu sani ba. Koɗewar nan ta wandon jins da samari ke so, da can da dutse irin na goge kaushi ake yin ta a cikin injin wanki, yanzu enzayim ke ɗan cin saman zaren ya saki shuni. Ana sa shi ya aske gashin da ke tashi a yadin auduga. Ana sa shi wajen matse ruwan 'ya'yan itace don a samu da yawa, da wajen cire tawada daga tsohuwar takarda, da cikin abincin kaji da dabbobi. A garin sabulu ma akwai shi: a 1987 kamfanin Kao na Japan ya fito da sabulun Attack mai selules, kuma daga wata Bacillus mai jure kanwa aka samo shi. Wannan ya ɗan dawo min da raina. A wanki ba a son enzayim mai cinye riga, mai ɗan datse ƙananan zare ake so, irin tawa. Da na gwada ta a ruwa mai tsami da mai kanwa-kanwa, a mai kanwar ta fi kuzari.

Babban mafarkin dai shi ne mai. A narkar da kara ya zama sukari, yis ya mai da shi itanol, a zuba a mota. Kusan duk rahoton ɗalibi a kan wannan fanni da shi yake buɗewa, nawa ma haka. Amma a jihar Iowa ta Amurka an buɗe manyan masana'antu biyu na yin haka da karan masara, a 2014 da 2015, kuma kafin 2020 duk sun tsaya. Tara karan, da laushe shi, da kuɗin enzayim, sun sa litar ta yi tsada. A Barazil ne abin yake tafiya, inda tuƙar rake take tare a bakin injin sukari ba sai an je nemanta ba. In masu dala sun sha kaye a nan, ni da faranti biyar ya kamata in yi magana a hankali. A ganina abin da ya fi kusa da mu shi ne abincin dabbobi a rani, da kuma wanki da rini, in Allah ya sa masaƙun Kaduna da Kano suka farfaɗo.

Gwaji na ƙarshe shi ne kan kayan gona: karan dawa, totuwar masara, ɓuntun shinkafa. Na daka su na tankaɗe, rabi na bari haka, rabi na jiƙa a ruwan soda mai ƙarfi na ɗauraye, yadda ake jefa kanwa a wake don ya yi laushi. Wannan jiƙon shi ne kwaikwayon aikin da fangas yake yi wa gara. Waɗanda aka jiƙa sun fi ba da sukari a fili, totuwa a gaba, kara na bin ta. Ɓuntu kuwa ko gezau, don ban da lignin jikinsa cike yake da sinadarin yashi.

Ranar kare aiki malamin da ya zo daga wata jami'a ya tambaye ni abu ɗaya da na shirya masa, wato ko na tabbata bakteriyar 'yar hanji ce. Na ce ban tabbata ba, na faɗi dalili. Ya rubuta wani abu, ya ce in je. Tambayar da ban shirya mata ba daga Kawu ta zo, da na kai masa kwafin rahoton ya sa ɗansa ya fassara masa shafin farko. A nan na rubuta cewa manoman Bauchi suna da ɗimbin sharar gona da ke tafiya a banza. Ya ce a tsaya.

"Wace sharar, 'yar nan? Karan da nake danga da shi, Innarki ta yi girki da shi, ta tace tokarsa ta yi miya? Wanda Fulani ke shigo da shanu su ci su bar min taki? Bara dami-dami na sayar da ragowar. In kamfaninku zai zo, ya zo da kuɗi."

Na ce to ɓuntu fa? Ya ce wannan kam ga shi can tsibi a bayan injin casa, ko kyauta aka ce in kwasa za a gode min. Ban gaya masa yadda muka ƙare da ɓuntu a lab ba.

Bakteriya biyar ɗin suna firij ɗin Oga a ƙananan kwalabe, da lamba da kwanan wata a jikinsu, ya ce zai riƙa sabunta su har a samu wanda zai ɗora. Farantin fangas ɗin na bar wa wata 'yar aji uku da ta ce tana so. Ina shirin tafiya bautar ƙasa Inna ta aiko yaro, wai zabuwarta ta ƙyanƙyashe, in mayar mata da tukunyarta.